Yadda na rubuta tarihin Baba

Baba ya rasu ranar Talata da asuba, a ɗakinsa, a gidanmu na Sabon Garin Zariya. Kafin azahar tsakar gida ta cika, har sai da aka shimfiɗa tabarmi a waje. Da dare ya yi, masu gaisuwa suka ragu, Baffa ya tara mu a falo, mu 'ya'yan da muke gari da Mama da dattawa biyu daga majami'a. Aka tsayar da jana'iza ranar Alhamis ta makon gaba, don ƙanenmu da ke aiki a Fatakwal da sauran dangi na nesa su samu isowa. Sannan aka raba aiki. Yaya ya ɗauki akwatin gawa da mota da haƙa kabari a ƙauye, matan gida suka ɗauki girki. Da aka zo kan tarihin marigayi, wanda ake bugawa a ɗan littafin jana'iza kuma a karanta a gaban jama'a, sai Baffa ya dube ni ya ce, "Ke malama ce, wannan naki ne."

Na ce to. A raina ina ganin abu mai sauƙi aka ba ni. Mutumin da na tashi a gabansa, na san tarinsa, na san ƙarar kekensa tun daga bakin layi, me zan tsaya nema? Mai buga littafin ya ce shafi huɗu zai ware mini, biyu Hausa biyu Turanci, kuma ranar Litinin da yamma zai rufe karɓar aiki. Kwana shida ke nan.

Ranar Laraba Mama ta miƙo mini ɗan makulli a jikin zare, wanda Baba yake ajiyewa cikin rigar Littafi Mai Tsarkinsa. Na akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa ne, akwatin da tun muna yara ko zama a kansa ba ma yi. Da na buɗe, warin tsohuwar takarda da maganin asu ya buge ni. A sama akwai hular BB, wato Boys' Brigade, ƙungiyar yara maza ta majami'a, da bel ɗinta, da ƙyallen hannu mai jan gicciye. Ƙarƙashinsu takardun makaranta da katin baftisma da takardar aure. Sauran akwatin kuwa, har ƙasa, littattafai ne masu kauri, na lissafi da na bayanan taro, kowanne da shekarunsa a rubuce a bango, da rasit ɗauri ɗauri.

A layin farko na tuntuɓe. Takardu uku na samu, kowacce da tata shekarar haihuwa. Katin baftisma daban, takardar rantsuwar shekaru ta kotu daban, ta fansho daban. A ƙauyenmu da ke gefen Malumfashi ba wanda yake rubuta ranar haihuwa a wancan zamani, kakanmu Bamaguje ne manomi, kuma Baba ya shiga makaranta ne ta hannun 'yan mishan na SIM bayan ya riga ya fara kiwon awaki. Na kira Gwaggo, yayarsa, wadda ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka girme shi. Jikanta ya riƙe mata wayar a kunne. Na ce, "Gwaggo, wace shekara aka haifi Baba?" Ta ce ita ba ta san lissafin Nasara ba, amma abin da ba ta manta ba, ita ta goya shi aka kai shi yaye ɗakin kakarsu a shekarar da Sarki Dikko ya rasu aka naɗa Nagogo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Yaro kuma a lokacin sai ya kusa shekara biyu ake cire shi daga nono. Sai na rubuta "wajen 1942". Yaya ya so a sa 1 ga Janairu kamar yadda take a takardar kotu, don hoton bango ya fito da rana da wata. Na ƙi. Mutumin da ya yi rayuwarsa ba ya rubuta kwabo sai ya gan shi, ban ga dalilin da zan fara tarihinsa da ranar da magatakarda ya ƙirƙiro ba.

Daga Alhamis ƙungiyoyi suka fara zuwa, kowacce da wakilanta da wasiƙarta a ambulan. Majalisar dattawan ikilisiya, inda ya yi dattijo kuma ma'aji. Zumuntar Maza. Rundunar BB. Ƙungiyar ci gaban garinmu reshen Zariya. Ƙungiyar gama-kai ta malamai, da ta malaman da suka yi ritaya. Ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantu biyu. Reshen Red Cross. Kwamitin unguwa. Na san Baba mutumin taro ne, amma ban taɓa ganin tarukan jere a kan tebur ɗaya ba sai ranar. Na karanta wasiƙun duka a daren. Kowacce da zuciya ɗaya aka rubuta ta, ban yi shakka ba, sai dai kusan magana ɗaya suke yi: uba ne, mai gaskiya ne, an yi babban rashi. Da za a cire sunansa a sa na wani dattijon kirki, babu abin da zai canza. Ni kuma Babana nake nema, don haka na ture wasiƙun na jawo littattafan.

Mafi tsufa na ƙungiyar garinmu ne. Shafukan farko layi uku ya ja musu da rula: fam, sule, kwabo. Mutum ya ba da sule biyu, wani sisi, wani ya yi alkawarin tiya biyu ta gero bayan kaka, duk yana nan da hannunsa mai kwanciya gefen dama. Sai na iso Janairun 1973, watan da naira ta shigo. Ya ja jan layi daga wannan gefe zuwa wancan, ya rubuta a ƙasa cewa fam ɗaya naira biyu ce, sule ɗaya kwabo goma, ya juya kuɗin kowane mamba ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon lissafi, sannan ya ƙara da cewa an bayyana wa jama'a sau biyu kuma kowa ya gamsu. Shafuka kaɗan kafin nan akwai inda lissafi ya gaza da sule uku. A gefen ya rubuta, "Kuskurena ne. Na cika daga aljihuna." Ba wanda zai taɓa ganowa da ya yi shiru. Na daɗe ina kallon wannan layin. Shi ne abu na farko da na tabbata zai shiga tarihin.

Littafin BB ya fi kowanne lalacewa, don shi yake bin sa fili. Ƙungiyar Boys' Brigade a birnin Glasgow aka kafa ta a 1883, wani mai suna William Alexander Smith, malamin makarantar Lahadi, kuma alamarta anka ce ta jirgin ruwa, daga Ibraniyawa 6:19. Yawancin yaranmu ba su taɓa ganin teku ba, sai Baba ya riƙa ce musu anka turke ce, irin wanda ake ɗaure doki. A littafin akwai sunan kowane yaro da ranar da ya zo fareti da ranar da bai zo ba. Inda yaro ya yi fashi sau uku a jere, sai ka ga ƙaramin rubutu a gefe: an je gidansu. Wani wurin, ba shi da takalmi, an saya. Wasu daga cikin waɗannan yaran su ne suka zo mana gaisuwa da furfura a kansu.

A cikin littafin nan na ci karo da Maris ɗin 1987. Rikicin ya tashi ne a kwalejin horon malamai ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki ya iso Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, aka ƙona majami'u da yawa, har da tamu. Ina ƙaramar yarinya a lokacin. Abin da nake tunawa shi ne mun kwana biyu a ƙuryar ɗakin Hajiya, matar maƙwabcinmu, ana ce mana kada mu yi tari da ƙarfi. Baba bai rubuta fushi ba ko kaɗan. Ya jera abin da wuta ta ci: bencina, ganguna, littattafan waƙa, tutar runduna. A ƙasan wannan ya jera sunayen mutum biyar, duka Musulmi, waɗanda suka tsaya a bakin layinmu suka hana a shigo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga wurin Alhaji, wanda sunansa ne na farko a cikin biyar ɗin. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Tun ranar Talata yake zaune a tabarmar ƙofar gidanmu yana karɓar gaisuwa tare da Baffa, ko da yake jiran kwana tara kafin a binne mutum ba abin da ya saba ba ne, kuma ya faɗa mini hakan. Na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa shafin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "'Yata, wannan ba abin rubutawa ba ne, maƙwabtaka ce. In rubutu za ki yi, rubuta cewa ni da Malam mun fi shekara talatin a kwamitin unguwa. Kwatar nan da kike tsallakewa, da rijiyar burtsatse, da taransifoma, gida gida muka bi. Ni nake magana, shi yake riƙe kuɗi. Ko liman in zai ba da nasa, hannun Malam yake sa wa."

Wannan shafi ya jawo gardama a gida. Ɗaya daga cikin dattawan majami'a ya ce a faɗi ƙonawar da babbar murya, don yaran yanzu su san abin da iyayensu suka sha. Yaya ya ce a bar zancen gaba ɗaya, ranar jana'iza ba ranar tone-tone ba ce, ga maƙwabta za su zo. Na fahimci kowannensu, amma ban bi ko ɗaya ba. Na bi tsarin Baba: jimla ɗaya ta abin da aka ƙona, jimla ɗaya ta waɗanda suka tsare mu, a jere, kamar yadda ya ajiye su a shafi guda. A ganina wanda ya faɗi rabin farko kaɗai bai faɗi gaskiya ba, haka ma wanda ya faɗi na biyun kaɗai.

Akwai kuma abin da na cire. Ƙanena ya turo hoton Baba sanye da riga mai tambarin ƙungiyar agaji ta Rotary, yana ɗiga wa jariri maganin shan inna, ya ce lallai a rubuta cewa mamba ne. Abin zai yi kyau a takarda. Rotary tana da tarihi a Arewa, a Kano aka fara kafa reshenta a Najeriya a 1961, kuma lauyan nan na Kano, Jonathan Majiyagbe, shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabance ta a duniya, daga 2003 zuwa 2004, daidai lokacin da aka dakatar da rigakafin a Kano saboda jita-jita. Amma na bincika akwatin kaf, babu kati, babu rasit ko ɗaya, alhali Baba ba ya shiga ƙungiya bai ajiye rasit ba. Mama ta warware mini: rigar ta ranakun rigakafi ce, ana raba wa masu aikin sa kai, shi kuma ta Red Cross ya shiga, kamar yadda ya shiga aikin sanƙarau a 1996. Aikinsa shi ne ya raka 'yan matan da ke ɗigawa zuwa gidajen da aka rufe musu ƙofa, don masu gidajen da yawa ɗalibansa ne. Ta ce ranar 25 ga Agusta 2020, da aka sanar a rediyo cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali, sai da ya sa aka ɗauko masa rigar ya saka a zaune. Na rubuta aikin, na bar mambancin.

Ranar Asabar da dare na karanta wa 'yan'uwana abin da na haɗa. Ya cika shafi biyu cif, muƙami bayan muƙami, shekara bayan shekara. A ƙarshe layi biyu: ya bar mata ɗaya, 'ya'ya shida da jikoki. Kowa ya ce ya yi. Sai autarmu, wadda ba ta ce komai ba tun farko, ta ce, "Yaya, wannan tarihin Ma'aji ne. Ina na Babanmu?"

Maganar ta soke ni, don na san dalilin da ya sa sashen iyali ya tsaya a layi biyu. Ina da ƙulli a zuciya wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta, ina aji uku na sakandare, na yi ta leƙen ƙofar zauren taro har aka tashi. Baba yana can yana shugabantar taron iyaye a wata makarantar. Mu mun tashi muna raba ubanmu da gari. In ya dawo daga makaranta ya ci abinci, sai ya ɗaura littafi a bayan keke ya fita, mu yi barci bai dawo ba. Duk wasiƙun nan da ke cewa uban kowa ne, ina karantawa ina jin wani abu yana tsaya mini a maƙogwaro.

Na sami Mama a ɗakinta bayan kowa ya kwanta. Tana zaune a bakin gado da zanen Zumuntar Mata a cinyarta, wanda za ta ɗaura ranar Alhamis. Na ce, "Mama, ke ba ki taɓa gajiya da tarukan nan ba?" Ta dube ni ta ce, "Wa ya gaya miki?" Sannan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Duk taron da aka yi a zauren gidan nan, ita ta dafa abin da aka ci. Watannin da albashin malamai ya maƙale, ga kuɗin ƙungiya a cikin akwatin nan ƙarƙashin gadon da suke kwana, bai taɓa aron ko kwabo ba, ita ce ta biya mana kuɗin makaranta da keken ɗinkinta. Ta ce ta yi alfahari da shi, kuma ta yi fushi da shi, duka a lokaci guda, shekara da shekaru. Har wata rana, ina goye, Yaya yana kwance da zazzaɓi, ya fita taro bai dawo ba sai tsakar dare. Da gari ya waye ta ɗaure kayanta ta tafi gidan iyayenta. Kwana huɗu ya bi ta biko tare da Baffa. Mahaifinta ya ce ta faɗi abin da take so. Ta ce ba ta ce ya bar aikin Allah ko na jama'a ba, rana ɗaya take so a mako wadda ba ta kowa ba ce sai ta gidansa. Ya ba ta Litinin.

Na koma kan akwatin a daren nan da fitila, don wuta ta ɗauke. Na samu. A littafin ƙungiyar garinmu, a bayanan wani taro, an rubuta cewa Ma'aji ya roƙi a mayar da zama daga Litinin zuwa Laraba saboda uzurin gida, kuma an amince. Na bi sauran littattafan ɗaya bayan ɗaya har kusan asuba ina duba ranaku. Daga wannan shekara ban sake ganin sa hannunsa a taron Litinin ba, a kowace ƙungiya.

Kuma na san Litinin ɗin nan. Ita ce ranar da yake zaunar da mu a tabarma ya yanke mana farce da reza, ya duba littattafanmu shafi shafi, ya sa kowa ya karanta aya ɗaya, ya raba mana tsire da hannunsa in wata ya yi kyau. Na ɗauka haka kawai take, kamar yadda Lahadi take ranar sujada. Ban san Mama ce ta je ta karɓo mana ita ba, ban kuma san ya riƙe alkawarin nan fiye da shekara arba'in ba. Ƙullin ranar kyautar bai ɓace ba, har yanzu in na tuna ina jin sa. Amma na yi kuka a daren nan irin wanda ban yi ba ranar Talata.

Ranar Lahadi bayan sujada na sake rubutun daga farko. Muƙaman na tattara su a sakin layi ɗaya. Sule ukun ya shiga, da turken doki, da shafin 1987, da maganar Alhaji. Na tambayi Mama ko ta yarda a sa zancen Litinin, tunda sirrin ɗakinta ne. Ta ce a sa, amma a cire yajin, wannan tsakaninta da shi ne. A nan ma sai da na koma na nemi izininta kafin na faɗa. Na kuma sa keken ɗinkinta, ko da yake ta ce ba tarihinta ake rubutawa ba. Ayar bango da ma an zaɓi 2 Timoti 4:7, wadda aka saba sa wa dattawa. Na roƙi Baffa aka canza zuwa Luka 16:10, mai maganar aminci a cikin ƙaramin abu.

Fassarar Turanci ba ta ba ni wuya ba. Wurin buga littafin ne na sha aiki. Da yaron da ke kan kwamfuta ya fito da gwaji, duk haruffa masu lanƙwasa sun zube. Inda na ce gidansa ba ya rabuwa da baƙi, ya koma baki. Ya ce mini ai kowa zai gane. Na ce Baba malamin Hausa ne na shekaru, ba za a binne shi da wannan ba. Na ja kujera na zauna kusa da shi, muka bi kalma kalma, janareta na ruri a bayanmu, har ƙarfe goma na dare. Yaron kirki ne, da muka iso wurin sule uku ya tsaya ya sake karantawa, ya tambaye ni nawa ne sule.

Ranar Alhamis 'yan BB suka ɗauko akwatin da ganguna, tsofaffinsu na biye a sahu. Alhaji da mutanen unguwa suna zaune a rumfar waje inda aka sa lasifika. Na karanta Hausar da kaina. Muryata ta riƙe har na iso Litinin, nan ta karye, autarmu ta taso ta karɓi takardar ta ƙarasa. Bayan sujada muka kama hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, aka sa shi kusa da mahaifinsa kafin la'asar.

Mako guda bayan haka na kira ƙungiyoyin su karɓi littattafansu. A can ƙasan akwatin akwai ambulan uku, kowacce da sunan masu ita da adadin abin da ke ciki da ranar da ya ƙirga na ƙarshe. Muka ƙirga a gaban Baffa da sababbin ma'ajin, aka sa hannu. Littafi ɗaya ne Mama ta hana a fita da shi, na ƙungiyar garinmu mai bayanin ɗage taro. Sakatarensu ya ce ba komai, zai zo ya kwafi abin da suke bukata. Yana nan a ɗakinta, a kan keken ɗinkin.